Kwanon Da Ya Dawo Daga Rasha

SHAFI NA 11

Masu aiko saƙo kuna cewa tsohuwa ta yi shiru, to ban mutu ba. Mai buga mini maganar a talho, wayar hannun nan, ce ta tafi biki Yelu, ni kuwa baƙaƙen nan naku ko ɗaya ban sani ba. Ku gyara zama.

Kun dai tuna inda muka kwana. Jikana Abdulhakim, mijina na wasa, shekara biyu ke nan wai yana Rasha yana karatun yarensu da tarihinsu da siyasarsu. Ubansa Sama'ila, ɗana, har ya sa an rubuta masa "Baban Ambasada" a goshin kamyo, babbar motarsa ta kaya. Haka aka ce mini an rubuta. Ƙanwarsa Sa'ida ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, kuma Musye Zahradeen mai kai yara karatu waje, wanda ya kai wan, shi zai kai ta ranar Juma'a ta sami ɗan'uwanta.

Ni kuma tun ranar da aradu ta faɗi a kan Gaya muna magana da jikana, na ji ta sake faɗuwa cikin talho a bayansa, ban ƙara yarda da kowa ba. Na yi magana aka ce rezo ne, wai layin talho ke wasa. Na ce to, rezo.

Shi ya sa da na yi masa dambun nama na ƙi leda. Na zuba a kwanona mai murfi, mai ɗigon jan farce a gindi, alamar da duk matan Gaya suka sani tun ina zuwa biki da ƙafata. Na ɗaure shi da kaina na miƙa wa uwarsa Kaltuma, tunda ita ke cewa tana kai wa Musye saƙo ya sa a jirgin sama.

Ta ce, "Inna, kwano zai yi nauyi."

Na ce, "Jirgin da ke ɗaukar mutum ɗari ba kwanona zai kada shi ba."

To ranar Laraba da safe Sa'ida ta faɗo ɗakina tana bincike.

"Tsohuwa, ara mini mayafinki ruwan goro. Baba zai kai ni biron Musye a ɗauki hoton biza."

"Naki fa?"

"Nawa duk suna balis, na gama shirya kayan tafiya. Ke mi za ki yi da shi, wa ke kallonki?"

"Wanki ke kallona. Ki maido mini abina babu turaren nan naki mai hawa kai."

Ta yafa ta fice tana dariya. Kaltuma ma ta tafi kasuwa neman rigar sanyi a gwanjo. Gida ya rage ni da kaji.

Da hantsi ina tsinkar zogale sai ga sallama. Labo ne mai kwale-kwale, ɗan aminiyata marigayiya, wanda tun da aka rufe gada yake ƙetarar da mutane da kaya Malanbil, garin Benin da ke can ƙetaren gulbi. Hannunsa riƙe da ƙunshi.

"Inna Ajuma, ga kayanki."

Tun kafin in kwance na gane ƙugun kwanona.

Ban ɗago ba. Na ci gaba da zogalena.

"Wa ya ba ka?"

"Bibata mana, mai tuwon bakin ruwa ta can ƙetare. Ta ce fofo, tana gaishe ki, ta ce dambu ya yi daɗi, sai dai yaji ya so ya yi yawa."

"Ya so ya yi yawa."

"Ita ta faɗa, ba ni ba."

Na buɗe murfi. An wanke shi tas, an cika shi da garin rogon Benin, an ɗora busasshen kifi a sama.

Abin da na jira ke nan. Duk macen da uwa ta raina a bakin gulbin nan ba ta riƙe kwanon mutane, kuma ba ta maido shi wayam. Ko sata aka yi aka kawo mata, sai ta wanke ta zuba wani abu ta mayar. Da a leda na ba da, da shi ke nan.

Na ce, "Ya jikin nasa?"

Labo ya sauke ajiyar zuciya ya zauna a turmi.

"Wallahi Inna kin sauke mini kaya. Kaltuma ta rantsar da ni kar in faɗa wa kowa. Da na juya kwano na ga alamarki na ce ashe har da Inna a ciki. Abdulhakim jiki da sauƙi, hannun ne dai. Yana ɗan dako a bayan rumfar Bibata. In ya hango kwale-kwalen Gaya sai ya ja hula ya shige ciki."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Bari in gudu, an kama kwale-kwalen gaba ɗaya bayan azahar. Manyan baƙi, ba su son a haɗa su da kowa."

"Su wa?"

"A talho aka kama, ban san su ba."

Ya tafi. Na dubi garin nan na daɗe. Sannan na ɗebo ruwan randa na jiƙa shi, na sa sukari, na rufe, na ajiye gefen tabarmata.

Sai da rana ta take Kaltuma ta shigo da wata ƙatuwar riga mai gashi a wuya kamar an yanka tunkiya.

"Inna duba, ta Sa'ida. An ce can yawu ma daskarewa yake."

"Sannu. Zauna ki jiƙa maƙoshi."

"Bari in sa tukunya tukun."

"Tukunya ba ta gudu. Zauna."

Ta zauna. Na turo mata kwanon a hankali, na ɗaga murfi.

"Sha. Garin Rasha ne."

Rigar ta zame daga cinyarta.

"Inna…"

"Ashe su ma suna noman rogo cikin ƙanƙarar nan. Ga kifi ma. Dubi kansa. Ni dai kamar na san danginsa a Tunuga."

"Inna, wataƙila Musye ne ya…"

"Kuma matan can akwai tarbiyya. Jirgi ya kai, an ci, an wanke, jirgi ya dawo, duk kafin zogalen da na shanya ya bushe. Sai dai an ce yajina ya yi yawa. Da Rashanci aka faɗa ko da Dendi, yaren bakin gulbinmu?"

Ta fashe da kuka.

Na bar ta. Ni kukan suruka bai taɓa hana ni cin goro ba. Da ta gaji na ce, "Tun yaushe?"

"Tun bayan babbar sallar bara."

"Kina kallona ina daka dambu da bayan nan nawa."

"Shi ke ci, Inna, wallahi shi ke ci."

"Na sani shi ke ci. Mi ya kawo shi Malanbil?"

Ta share hanci da bakin zane. Kaltuma ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai ta ce, "Yaron nan ya ce jarrabawar yaren ce ta kada shi, aka sallamo shi. Ya ce in Alhaji ya ji gara ya faɗa gulbi. Inna kin san Alhaji. Duk tasha Baban Ambasada ake ce masa. Har direbobin Dosso."

"Musye fa?"

"Ya sani. Shi ma rufa mana asiri yake. Kullum ya haɗu da Alhaji sai ya ce yaro na ƙoƙari. Har ya ce zai kai Sa'ida ta rama wa gidanmu."

Mutumin biro ya rufa wa talaka asiri kyauta, ya kuma dawo neman ɗiya ta biyu? Na shekara da yawa a garin kan iyaka, ban taɓa gani ba.

"Shi yaron ya san ƙanwarsa za ta?"

"Ban faɗa masa ba. Ya za a yi in ce masa ƙaramar za ta inda ya kasa?"

"Kira mini shi. Kiran nan mai hoto."

"Inna don Allah…"

"Kira."

Ta kira bai ɗauka ba. Ta sake, shiru.

Na ce, "Ba shi lokaci ya sa rigar sanyin."

A na uku ya ɗauka. Ga shi nan cikin manto har wuya, hula har gira, safar hannu baƙa a hagu, bayansa farin zanen gado an rataya. Gumi na bin gefen kunnensa.

"Babushka!" Haka yake ce mini, wai kaka ke nan a can. "Tsohuwar matata, ba ki mutu ba har yanzu?"

"Ina jira ka dawo ka biya sadakin da ka gudu da shi. Ya sanyi?"

"Kai, ba a magana. Yau ko lakwal da ƙyar muka je."

"Sannu. Mi aka koya muku?"

"Tarihin sarakunansu na da."

"Madalla. In an tashi ka gai da Bibata. Ka ce na ga gari, Allah ya bar zumunci."

Na ɗaga kwanon na kara a talho.

Idonsa ya tafi kan uwarsa, ya dawo kaina. Daga bayan zanen gadon wata mai talla ta rangaɗa kiran ƙosai da Dendi.

"Cire hular nan kafin ka suma," na ce.

Ya cire. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma.

"Kaka, kar ki faɗa wa Baba."

"Ban kira ka don ubanka ba. Faɗuwa jarrabawa ba kanka aka fara ba, shi kansa uban naka lakwal korar shi ta yi. Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Musye Zahradeen, mutum ne?"

Ya share gumi.

"Don mi kike tambaya?"

"Don jibi zai ɗauki Sa'ida."

Talhon ya kufce masa. Muka ga rufin kwano, muka ga ƙafar wani benci, sannan fuskarsa ta dawo kusa har ba ta shiga duka.

"Wace Sa'ida? Tamu? Inna! Inna, kin ba shi Sa'ida?"

Kaltuma ta ce, "Karatu ne, irin naka, yare da tarihi…"

"Babu karatu!"

Tun yana yaro ban taɓa jin ya ɗaga wa uwarsa murya ba.

"Ban faɗi jarrabawa ba, Inna. Ban ma kai ga jarrabawar ba. Da muka sauka an sa mu aji na gaske, da malama, da allo. Wallahi Kaka na so karatun nan. Har na fara karanta sunan tituna da kaina. Ba mu yi nisa ba aka zo da mota aka ce za a kai mu staj, wai koyon aiki. Wani gidan aikin ƙarfe ne can bayan gari. A ƙofa aka karɓe mana fasfo. Mai gadin ya ce an biya wanda ya kawo mu, kowane kai da kuɗinsa."

"To ɗan gidan liman fa," in ji Kaltuma, "ai shi ma can yake, ga hotunansa…"

"Shi burs ɗin gwamnati gare shi, ita ke biya masa, yana inibarsite yana karatunsa lafiya. Irinsu ne ma suka yi ta faɗi-tashi har na fito. Mu na Musye daban muke."

Na ce, "Cire safar."

"Kaka…"

"Tun bara nake kallonta. Wane irin sanyi ne ke kama hannu ɗaya ya bar ɗaya?"

Ya sa haƙori ya ja ta. Yatsu biyu babu.

Kaltuma ta yi wata ƙara ta toshe bakinta da rigar tunkiyar nan. Ita ma ashe ce mata ya yi ƙonewa ce.

Ni ban yi kuka ba. Na ajiye shi sai na sami lokaci.

"Mi ya hana ka magana?"

"Da na iso bakin ruwa zan ƙetaro, na hango masu kwale-kwale, na san suna ganina za su hau kiran Ambasada, Ambasada ya dawo. Ƙafata ta ƙi shiga. Washegari Musye ya aiko. Ya ce in na buɗe baki zai gaya wa Baba da duk tasha sata na yi aka koro ni, can aka sare mini yatsu. Wa za a yarda da shi, Kaka, mai biro da kwat ko ni? Na ce in yi shiru abin ya tsaya a kaina. Ban san zai koma gidanmu ba. Ina Sa'ida take? Ba ni ita."

"Ta tafi hoton biza da ubanku."

"Hoto? Ai tun kafin a ba da rana ake gama hoto."

Kafin in amsa muka ji tsayuwar moto a ƙofar gida, da muryar Sama'ila yana raha da maƙwabta. Kaltuma ta rikice, ta ajiye talhon a tabarma ta kifa masa murfin kwano.

Ya shigo yana fara'a, babbar riga na jan ƙasa. Shi kaɗai.

"Inna, barka da gida. Ku yi mini barka!"

"Ina ɗiyar mutane?"

"Abin da zan faɗa ke nan. Muna biro aka kira Musye, an matso da tashin jirgi. Ya ce in ba su kama hanyar Yamai yanzu ba wurin ya wuce ta. Ga mota a ƙofa, ga wasu ƴan mata biyu daga Zabori, sai na ce bismilla. Ta so ta zo ta yi muku sallama, Musye ya ce ba lokaci. Gobe ni da Kaltuma mu bi ta da balis."

"Ka ba da ɗiya ko ruwan gidan ubanta ba ta sha ba."

"Inna, harkar boko haka take, da minti ake aiki. Ta ce a ce miki mayafi sai ta zama minista za ta biya."

Kaltuma ta miƙe. "Alhaji kira ta. Kira ta yanzu."

"Talhonta na wurin Musye, zai sa mata layin can. Wai mi ya same ku? Wa ya mutu?"

Sai murfin kwano ya yi magana.

"Baba."

Sama'ila ya dubi ƙasa. Ya dube ni.

Na sa yatsan ƙafa na ture murfin.

Ya duƙa ya ɗauka. Ya ga ɗansa babu hula, manto a buɗe, zanen gadon ya faɗi. A bayansa rumfar tuwo, buhunan albasa, ƴan kabu-kabu, da gulbin da Sama'ila ya yi wanka a ciki tun yana tsirara.

"Wannan… ina ne wannan?"

"Malanbil, Baba. Ka yi mini duk abin da za ka yi daga baya. Wace mota suka shiga?"

"Kai da ke Rasha…"

Na ce, "Sama'ila, amsa masa. Rashar ta ƙare."

Ya ce, "Wata fara, mai baƙin gilas. Bari in kira Dosso, yaran tasha su tare hanya, ko kaza ba ta wuce…"

"Kar ka kira Dosso, Baba. Ba ya bi da mutane ta Yamai, a can ana tambayar takardar burs. Lokacinmu ma haka ya ce muku. Ta ruwa ya ƙetare da mu, daga Kwatano muka tashi."

Sai maganar Labo ta faɗo mini.

Manyan baƙi. Ba su son a haɗa su da kowa.

"An yi azahar?" na ce.

Kaltuma ta ce, "Tun ɗazu."

Na fizge talhon daga hannun ɗana.

"Maigida, kana jina? Kwale-kwalen Labo. Fita bakin ruwa."

"Kaka, duk ƴan Gaya ne a wurin. Rabinsu yaran Baba ne."

"Su gan ka. Ka cire rigar nan, ka ɗaga hannun nan sama kowa ya ƙirga. Ka shekara kana ɓuya a ƙofar da za a bi da ƙanwarka, to yau ka tsaya a cikinta."

Ya dube ni. Sannan hoton ya hau tsalle. Yashi, ƙafafu, buhu, wani ya yi ashar an ture shi. Muna jin numfashinsa. Can wata murya ta ce, "Kai! Wancan ba Ambasada ba ne?" Wata ta karɓa, wata ta ƙara.

Sama'ila ya durƙushe a tabarmata, babbar rigar cikin jiƙaƙƙen gari.

"Kaka, na ga Labo. Har ya kawo gaci. Mata uku ne. Akwai mai mayafi ruwan goro."

"Nawa ne. Kira sunanta."

"Akwai mota a sama tana jira, an buɗe ƙofa. Kaka, da maza biyu a jikinta."

"Na ce kira sunanta!"

Muka ji ya cika ƙirji.

"SA'IDA!"

Hoton ya tsaya cak. Na ga mayafina ya waiwayo. A gefensa Musye Zahradeen ya cire gilashin idonsa a hankali, ya dubi jikana, ya kama hannun yarinyar, ya ɗaga wa mazan nan biyu yatsa.

Suka yo kan jikana, talhonsa ya faɗi a ruwa.